Ko dole sai yarinyar ta bi matakan baƙin ciki biyar? Amsa ga wata marubuciya

Ƙanwata, na karanta rubutun da kika aiko tun daga fari har ƙarshe, na kuma karanta tambayoyinki uku. Labarin matasa ne, na wata yarinya 'yar shekara 15 da yayanta ya rasu a haɗarin mota. Kin raba shi babi biyar, kowane babi ya ɗauki mataki ɗaya daga matakan baƙin ciki biyar da kika ci karo da su a karatu. Kina son ki san ko matakan sun fito daidai, ko alamomin rubutunki suna kan ƙa'ida, da kuma ko kowane tauraro yana yin aikin da kika ɗora masa. Na daɗe ina tace rubutun marubuta, kuma a ganina tambayar farko ce ta haifi sauran biyun, don haka a kanta zan fi daɗewa.

Matakan nan daga littafin Elisabeth Kübler-Ross suka fito, likitar ƙwaƙwalwa haifaffiyar Siwizalan da ta yi aikinta a Amurka. Sunan littafin On Death and Dying, an buga shi a 1969. Ta jero matakan kamar haka: musu, fushi, ciniki (wato ɗaukar alkawura don a sauya abin da ya faru), karayar zuciya, sannan dangana. Abin da ake yawan mantawa shi ne mutanen da ta zauna da su a asibiti a Shikago ba waɗanda aka yi wa rasuwa ba ne. Marasa lafiya ne da suka san ciwonsu na ajali ne. Daga baya aka kwashi matakan aka ɗora wa waɗanda aka mutu aka bari. Ita da kanta, a littafin On Grief and Grieving da suka rubuta da David Kessler, wanda ya fito a 2005, shekara guda bayan rasuwarta, ta bayyana cewa ba zango-zango ba ne da ake bi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba kowa ke bin su duka ba.

A 2007 wasu masu bincike na Jami'ar Yale suka buga sakamakon bibiyar mutum 233 da aka yi wa rasuwa, har zuwa shekara biyu bayan rashin. Suka tarar tun a watannin farko dangana ce ta fi yawa a bakin mutanen, ba musu ba. Cikin abubuwan da ke cin rai kuwa, wanda ya fi ƙarfi ba fushi ba ne, ba kuma karayar zuciya ba. Kewa ce. Gaskiya ne mafi yawan mutanen manya ne, kuma mamatansu rashin lafiya ce ta ɗauke su, ba haɗari ba, saboda haka kar ki ɗauki sakamakon ki manna wa yarinyarki kai tsaye. Amma ki dubi jerin matakan biyar ɗin da kyau: babu kewa a cikinsu. Da yake a kansu kika gina littafin, shi ma kewar ta yi ƙaranci a cikinsa. Yarinyar ta ƙi yarda, ta fasa madubi, ta yi wa Allah alkawura, ta kwanta ta ƙi tashi, ta share hawaye ta koma makaranta. Ban ga inda ta ji motsi a ƙofa zuciyarta ta ce shi ne ba.

Wuri ɗaya na gani, a tsakiyar babi na uku, shi ne kuma wurin da ya fi ko'ina kyau a littafin. An dawo da wayar yayanta gida, tana ajiye a kan tebur. Yarinyar ta duba ta ga cajin saura kashi uku, sai ta miƙe a gigice tana neman caja, don kar wayar ta mutu. Layi biyu kika ba wannan kika wuce, ina jin don bai shiga ƙarƙashin "ciniki" ba. To musu ne? A'a, ta san ya rasu. Fushi ne? Ba shi ba ne. Kewa ce tsagwaronta, ta sami abin da za ta kama. Ki koma wurin nan ki zauna. Wa ya gan ta tana yi? Kwana nawa ta yi tana sa wayar a caji a ɓoye? Ranar da ta manta wayar ta mutu, me ta ji? Wannan kaɗai ya isa ya riƙe rabin littafi.

In kina son wani bayani na masana da zai fi miki amfani wajen zubi da tsari, ki dubi na Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht a Holan, wanda suka fitar a 1999. Sun ce mai rashi kai-komo yake yi tsakanin abu biyu: wani lokaci ya fuskanci rashin ya yi ta juyayi, wani lokaci ya juya ga harkar rayuwa ya huta da shi, kuma wannan kai-komon shi ne lafiyar. A matasa abin ya fi fitowa fili. Yarinya za ta yi kuka da asuba, da hantsi ƙawarta ta ba ta dariya har ta riƙe ciki, can sai ta tuna, kunya ta kama ta, ta ji kamar ta ci amanarsa. Irin wannan ranar ce mai karatu ɗan shekara 15 zai gane, musamman wanda ya taɓa rashi. Ina tunanin wannan yaron duk sanda nake duba littafi irin naki. In ya karanta ya ga tauraruwa ta bi matakai biyar a jere ta fito fes, shi kuwa nasa a hargitse yake, zai ɗauka shi ne bai iya ba. Wannan ba ƙaramin nauyi ba ne a wuyan marubuci.

Ba ina nufin ki zubar da fushin ko cinikin ba. Duk suna faruwa, kuma kin rubuta su da kyau, musamman inda take ta maimaita "da ma ban ce ya je ya ɗauko ni ba". Bangon da ke tsakanin babukan ne za ki rushe. Fushin ya dawo a babin ƙarshe, a ranar da ake zaton ta dangana. Danganar ta leƙo a babin farko, ko na minti biyar ne, sannan ta gudu. Ki cire sunayen matakan daga kanun babukan. Sai kuma lokaci: duk labarin cikin mako uku kika gama shi. Ko ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, da ta sa baƙin cikin da ya ƙi lafawa cikin kundin cututtukanta a 2022, ba ta kiran sa ciwo sai an shekara da rashin ga babba, ko wata shida ga yara da matasa. Ba dole ba ne ki tsawaita labarin. Mako ukun ma ya isa littafi, in dai ba ki tilasta wa yarinyar ta warke a cikinsa ba.

Akwai kuma wata dama da harshenmu ya ba ki da ba ki taɓa ba. In yarinyar ta ce "Yayana yana son ƙwallo", jimlar ba ta nuna ko yana raye ko ba ya raye. Za ta iya fakewa a bayanta wata da watanni, ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma faɗi gaskiyar ba. Ƙaramar kalma ɗaya ce za ta tona ta: "Da yana son ƙwallo." Haka kalmar "marigayi". A rubutunki tun shafi na huɗu ta fara kiran sa marigayi, kamar ba komai. Ki bar manya su riƙa faɗinta, ita kuwa ta riƙa jin ta kamar an ambaci wani baƙo. Ki ajiye ranar da kalmar za ta fara fita daga bakinta. Ko ki sa wata sabuwar ɗaliba ta tambaye ta, ba da wata manufa ba, "Ku nawa ne a gidanku?" Ta ce uku ko ta ce biyu, duk wanda ta zaɓa ya gaya wa mai karatu inda take, ba sai kin rubuta sunan mataki ba.

Wannan ya kawo mu kan alamomin rubutu, domin su ma aikin da suke yi ke nan. Na ƙirga alamar motsin rai a babin farko na bari da na wuce sittin. Wasu uku-uku suke a jere. Na fahimci dalili: kina tsoron kar mai karatu ya kasa jin zafin. Amma gwada ki karanta waɗannan da ƙarfi:

"Ya rasu!!! Wayyo, Yaya ya rasu!!!"

Mama ta ajiye wayar. Ta dube ni. Ta ce, "Ya rasu."

Ta biyun ta fi nauyi, kuma aya ce kawai ta yi aikin. Alamar motsin rai ɗaya ake sawa, ba a jera ta, ba a kuma haɗa ta da alamar tambaya. In ta yi yawa sai kunne ya saba, ranar da kike buƙatarta da gaske ta riga ta dushe. Da ni ce ke, da na bar guda biyar ko shida a duk littafin, ɗaya daga ciki a wurin da ta daka wa mahaifinta tsawa, domin nan ne kaɗai ta taɓa ɗaga masa murya.

Ɗigo uku ma haka. Amfaninsa a nuna maganar da ta maƙale ko wadda aka bari a rataye, kuma uku ne, ba biyar ko bakwai ba. A naki kusan kowace magana da shi take ƙarewa, har mahaifin da malamar duk sun koma masu in'ina. Ki bar wa wanda maganar ke maƙale wa da gaske. Uwar, misali, da ta saba kiran 'ya'yanta a jere, ta fara da sunan babban ta tsaya.

Alamar tambaya a Hausa ba ado ba ce. Sau da yawa tambaya da bayani kalmominsu ɗaya ne, murya ce kawai ke raba su, a rubuce kuwa babu murya. "Ya tafi." daban, "Ya tafi?" daban. Wurare huɗu na ga kin sa aya inda yarinyar tambaya take yi, sai ta zama kamar ta amince da abin da ba ta amince da shi ba. Akasin haka kuma, in labarin tambaya ake bayarwa ba a sa alamar: "Ta tambaye shi ko zai dawo da wuri." Aya ce a nan.

Waƙafi ne na fi so ki kula da shi, saboda wani abu da ya shafi jigon littafinki. Dubi waɗannan biyun: "Na kira Yaya." da "Na kira, Yaya." A ta farko labarinsa take ba wani. A ta biyu da shi take magana. Ƙa'ida ce sananniya cewa ana raba sunan wanda ake yi wa magana da waƙafi, amma a littafin da wanda ake kira ɗin ya rasu, wannan ɗan waƙafin ya zama babban al'amari. A 1996 Dennis Klass, Phyllis Silverman da Steven Nickman sun fitar da littafin Continuing Bonds, inda suka nuna cewa masu rashi da yawa, har da yara, ba sa yanke alaƙa da mamacin. Suna yi masa magana a zuci, suna tunanin abin da zai ce, kuma hakan ba alamar ciwo ba ce. In yarinyarki tana ba da labari sai kawai, a tsakiyar sakin layi, ta juya ta ce "ka gani ko, Yaya", mai karatu zai ji abin a ƙirjinsa. Amma sai waƙafin yana wurinsa.

Sauran gyare-gyaren na yau da kullum ne, na yi miki alama a gefen shafi. Duk sanda mai magana ya canja, a buɗe sabon sakin layi. Duk alamar zance da aka buɗe a rufe ta. Ki raba kalmomi: "ya bar ni", ba "yabarni" ba. Ki sa wa haruffa ƙugiyarsu, domin a shafi na 31 kin rubuta "ya bata", na tsaya ina laluben ko "ya ɓata" kike nufi ko "ya ba ta". Wuri ɗaya ne zan ce ki karya ƙa'ida da gangan, wato saƙonnin waya. Matasa ba sa sa aya a saƙo. Wani bincike na Jami'ar Binghamton a Amurka da aka buga a 2016 ya nuna ɗalibai suna ganin gajeren saƙon da ya ƙare da aya kamar bai fito daga zuci ba. To ki bar saƙonnin ƙawayen yadda suke rubuta su, kara zube. Ranar da yarinyar ta amsa wa ƙawarta da "Lafiya lau." da ayarta, ƙawar za ta san ba lafiya ba.

Batun taurari kuma, kin aiko da jadawali: babbar tauraruwa, abokin hamayya, mai taimako, mai ba da shawara. Irin wannan rabon ya samo tushe daga aikin Vladimir Propp na Rasha, wanda a 1928 ya nazarci tatsuniyoyin ƙasarsu ya fitar da gurabe bakwai da taurari ke cikewa. Ya yi daidai da tatsuniya, inda akwai mugu da za a kayar. Labarinki ba shi da mugu. Da kika rasa wanda za ki sa a gurbin, sai kika mai da direban da ya yi haɗarin azzalumi mara imani, kika ba shi babi guda. Ban yarda da shi ba ko kaɗan. Abin da ke hamayya da yarinyar yana cikin gidansu: shirun mahaifinta, da ɗakin da aka kulle, da zargin da take yi wa kanta. In direban zai fito, ya fito a matsayin mutum da shi ma abin ya hana shi barci. Ta je da fushinta ta rasa inda za ta sauke shi.

Marubucin Ingila E. M. Forster, a 1927, ya raba taurari gida biyu: masu fuska ɗaya, da za a iya bayyana su da jimla guda, da masu fuskoki da yawa, waɗanda za su iya ba mai karatu mamaki kuma ya gamsu. Mai fuska ɗaya ba aibi ba ne, kowane labari yana buƙatarsu. Matsalar ita ce wanda ya fi kowa zama mai fuska ɗaya a littafinki shi ne mamacin. Haziƙi ne, mai ladabi, mai kyauta, bai taɓa ɓata wa kowa ba. Ba a kewar irin wannan, yabonsa kawai ake yi. Yayan gaske yana tsokana, yana ɗaukar abin ƙanwarsa ba da izini ba, yana kai ƙararta. Ki ba shi wani hali mai ban haushi, wanda yanzu za ta ba da komai don ya sake yi mata shi sau ɗaya. Ki kuma bar wata rigima tsakaninsu da ba su shirya ba. Shi tauraro ne cikakke ko da yake ba ya cikin ko da fage ɗaya da ransa, kuma kowa a gidan da irin yayan ko ɗan da ya sani.

Malamar da ke ba da shawara, wadda ta zaunar da yarinyar a babi na huɗu ta lissafa mata matakan biyar da yatsu, ki cire wannan jawabin. Bakinki ne a bakinta, mai karatu kuma zai gane. In kina son ta zauna, ki ba ta abin yi maimakon abin faɗi. Ta lura yarinyar ta daina zama kusa da taga, ta canja mata wuri ba tare da ta ce uffan ba. Ƙawar kuma ba ta da rayuwa sai ta rarrashi. Yarinya 'yar shekara 15 ba ta san me ake cewa ba. Za ta faɗi abin da bai dace ba, ta ji tsoro ta ja baya na kwana biyu, ta gaji, ta yi kishin kulawar da ake ba ƙawarta, sannan ta ji kunyar kishin. Ki bar ta ta yi kuskure, abotar za ta fi zama abota.

Wanda na fi ganin kin yi asararsa shi ne ƙaramin ƙanen, ɗan shekara tara, da kika ce "bai san komai ba, wasansa kawai yake yi". Ya sani. Yaro mai wannan shekarun ya riga ya gane cewa wanda ya mutu ba ya dawowa. Nasa salon ne daban: ya yi tambayar da za ta girgiza kowa, ya fita wasa, da dare ya ƙi kwana shi kaɗai. Shi ne madubin yarinyar, wanda saɓaninsa da ita zai fito da halinta. Masanin halayyar ɗan Adam George Bonanno da abokan aikinsa, a binciken da suka buga a 2002 kan dattawa 205 da suka rasa abokan zamansu, sun tarar kusan rabinsu sun ci gaba da harkokinsu ba tare da sun durƙushe ba, kuma hakan bai nuna ba su ƙaunaci mamatan ba. Yarinyarki ba ta san wannan ba. Za ta ga ƙanenta yana dariya ta ce ya manta. Za ta ga mahaifinta ya koma aiki ta ce bai damu ba. Nan rikicin labarinki yake, mutum huɗu ƙarƙashin rufi ɗaya, rashi ɗaya, kowa na ganin ɗan'uwansa bai yi baƙin cikin yadda ya kamata ba.

Ki fara gyaran daga babi na uku, wurin cajar. Ki sa ƙanen ya shigo ya same ta durƙushe a gindin soket da wayar a hannu. Kar ta yi masa bayani, shi ma kar ya tambaya. Washegari ta dawo daga makaranta da sauri, ta tuna ba ta sa wayar a caji ba, ta tarar wani ya riga ya sa. In kin rubuta wannan fagen ki aiko mini da shi kafin ki taɓa sauran.